Hanyar Da Ta Kauce Wa Lyon

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota daga Paris zuwa bakin tekun kudu ya san hanyar miƙaƙƙiya ce, kuma ta Lyon take bi. Ni sai da na yi kwana uku da taswira a kan teburin kicin ɗinmu na Sevran har na samo wata. Ta fi tsawo, ta fi hawa da gangara, amma ko ƙanshin Lyon ba ta ji. Maigidana, wanda ya daɗe yana jan motar kaya daga kasuwar Rungis zuwa kowane lungu na ƙasar nan, ya dubi jan layin da na zana, ya dube ni, ya ce, "Madam, wagga hanya ai ta masu gudun jandarma ce." Na ce masa hanyar masu son ganin tsofaffin garuruwa ce. Ya ce to.

Dalilin tafiyar Inna ce, mahaifiyata. Daga Maraɗi ta zo aka kankare mata yanar ido, na dama da farko, bayan mako uku na hagu. Ta yi shekaru tana ganin duniya kamar ta cikin hayaƙin murhu. Ranar da aka cire mata bandeji na biyu ta daɗe tana kallon tafin hannunta, sannan ta ɗaga kai ta ce labulen falona yana son wanki. Da jin haka na san aiki ya yi kyau. Saura kwana goma jirginta ya tashi, ni kuma na ɗauki hutu daga ofishinmu na Bobigny, inda nake yini ina buga hatimi a takardun mutane. Na ƙudura a raina sababbin idanun nan ba za su koma gida ba sai sun ga abin kirki: ganuwa, tsofaffin gine-gine, da teku, wanda ba ta taɓa gani ba.

Dalilin kauce wa Lyon kuwa ƙanena ne, wanda ke zaune can. Mu biyu ne a Turai cikin 'ya'yan Inna, ni babba, shi auta. Ni na goya shi yana jariri, ni na tarbe shi a filin jirgi da ya zo karatu, a kujerar falona ya yi wata takwas yana kwana. Da matarsa ta haihu, shekara biyu kafin wannan tafiya, a gurup ɗin dangi na waya na ga labarin, tsakanin hoton wani biki da gaisuwar safiya da wani kawunmu yake turowa kullum. "An samu ƙaruwa, mace." Shi ke nan. Ni gwaggon jaririya guda, na ji tare da jikokin maƙwabta. Na jira ya kira ni, ya faɗa mini da bakinsa yadda ake yi wa babba. Sai washegari da yamma ya kira, na ƙi ɗauka. Ya sake kira, na ƙi. Ranar suna ta zo ta wuce, ban je ba, ko sabulu ban aika ba. Daga nan kowa ya riƙe nasa har abin ya yi tauri. Yanzu da nake rubutawa kunya nake ji, amma a lokacin gani nake ni aka zalunta, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Yarinyar sunan Inna aka sa mata. Inna ba ta taɓa ganinta ba sai a hoto, shi ma da idon da ba ya gani. Ƙanena ya zo asibiti ranar aikin farko, ya zaɓi lokacin da ya san ina ofis, ya tarar da ido ɗaya a rufe, ɗayan ba ya ganin komai sai inuwa. Ta ji muryarsa, ta shafa fuskarsa, ya koma a jirgin ƙasan yamma. Gidana ba zai taka ba, ni kuma ba zan ce ya zo ba. Filin jirgi ma ni zan raka ta, don haka can ma ba za a gan shi ba, tunda taurin kai a nono ɗaya muka sha shi. Wato in muka gama yawon nan ba mu bi ta Lyon ba, Inna za ta koma gida ba ta ga autanta da takwararta ba, kuma a shekarunta babu mai cewa za ta sake dawowa. Na san wannan sarai. Na ninke shi na tura ƙarƙashin taswira.

Inna ba ta ce mini uffan ba. Ni ce 'yar farinta, ita kuma ta mutanen da ce. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni, ko faɗa za ta yi mini sai ta juya ta yi wa bango, ni in tsinta daga can. "Ke" take ce mini. Ranar da ta ji daɗina sai ta ce "ke wagga".

Muka tashi ranar Litinin da hantsi, yaran muka bar su wurin ƙanwar maigidana saboda makaranta. Inna ta zauna a baya, ta sa baƙin tabarau da likita ya ba ta, ta rungume kwandon guzuri: dambun nama, kilishin da ta zo da shi, fulas ɗin shayi, ga buta a gindin ƙafarta. Ba mu fita daga Sevran ba matsalar da ban hango ba ta bayyana. Maigidana bai taɓa cin abinci a gaban surukarsa ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba, yanzu ga su a akwati ɗaya har kwana bakwai. Ya karkatar da madubin tsakiya don kada idonsa ya faɗa cikin nata. Ita kuma in tana so a rage gudu sai ta ce mini, "Ke, a hwaɗa ma Malam ba mu da sauri." Yana jinta, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba, amma sai ya jira na maimaita, sannan ya ce, "A ce ma Hajiya an ji." Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu harshe ɗaya. In mun tsaya cin abinci a wurin hutawa na bakin hanya, sai ya ɗauki burodinsa ya zagaya bayan wata motar kaya ya ci a tsaye, yana waige-waige.

Garin farko Bourges ne. Na yi karatu a kansa kamar zan shiga jarrabawa. Ga tsofaffin gidaje na katako sun jingina da juna, ga lunguna da aka shimfiɗe da duwatsu, ga wata majami'a da in mutum ya tsaya gindinta ya ɗaga kai sai hularsa ta faɗi. Ina ta zuba bayani, waɗanda suka fara ginin ba su ga ƙarshensa ba, jikokinsu ma ba su gani ba. Inna ta saurara, ta ɗaga tabarau ta dubi sama, ta ce masha Allah, magina sun sha aiki. Sannan ta ce, "Wa munka zo gaidawa nan?"

Na ce ba kowa, gani muka zo yi.

"Ba mu da kowa garin ga?"

"Ba mu da kowa, Inna."

Ta juya ta fuskanci bangon majami'ar, ta ce masa, "Mutum ya ɗauko mota tun daga Paris ya zo gaida dutse."

A wurin Inna ba a yin tafiya don tafiya. Ana zuwa biki, ana zuwa barka, ana zuwa dubiya ko ta'aziyya, in babu ko ɗaya ana zuwa a ga lafiyar mutum. Tunda na ce ba mu da kowa, sai ta shiga samo mana. Faransancinta bai wuce "bonjur" ba, amma daga bonjur sai ta zarce da Hausa: ina gajiya, ina gida, ina yara. Ta gaida mai burodi, ta gaida wata mata da ke ba furanni ruwa a taga. Wani tsoho da ke zaune a benci da karensa ya ɗauka tambayarsa take yi game da sandarsa, ya kwashe labarin gwiwarsa kaf ya ba ta, tana cewa "ayya, sannu, Allah shi sawwaƙe". Suka rabu kowa ya gamsu. Ni ina gefe da littafin jagora a hannu, haushi ya ishe ni, saboda akwai wata tsohuwar fada da za a rufe ƙarfe shida.

A garin ne ta fara sayayya. Ta tsaya a wani ɗan kanti na kayan yara, ta nuna riguna biyu ƙanana, ta ce, "Ke, wacce ta hi?" Na nuna mai ruwan ƙwai. Ta ce in ɗauka in sallami mai kanti. Na ɗauka tsaraba ce ta jikokinta na gida, waɗanda ni kaina na daina ƙirga su.

Washegari muka gangara kudu. A Clermont-Ferrand majami'ar baƙa ce ƙirin, Inna ta tambaya ko gobara aka yi, na ce dutsen ne haka, ta ce to Allah ya kyauta. Da muka iso doguwar gadar nan ta Millau, wadda take rataye a sama har gajimare yana bi ta ƙarƙashinta, na juyo da murna in ce Inna duba, sai na tarar ta runtse sababbin idanun gam, tana jan carbi da sauri. Ba ta buɗe ba sai da muka sauka. Maigidana dariya ta ci shi, ba halin yi a gaban suruka, sai kafaɗunsa ke rawa a kan sitiyari, hawaye na zuba.

Teku muka fara gani a kusa da Sète, da la'asar. Na yi ta jiran wannan lokaci tun daga teburin kicin. Muka tsaya a wani ƙauyen masunta, gidaje farare da shuɗin tagogi, ƙananan jirage suna ta gaisawa da juna a bakin ruwa. Inna ta fito, ta gyara mayafi, ta cire tabarau. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce tabkin Madarumfa na can gida ashe kwatarniya ce. Ta tambaya ina ɗaya gaɓar, na ce in mutum ya miƙe zai faɗa ƙasar Larabawa, daga can in ya ratsa hamada sai gida. Ta ce, "Ashe muna kusa." Ta duƙa ta ɗebo ruwan a tafi, ta ɗanɗana, ta tofar. "Duk ruwan ga, ba a sha, ba a ban ruwa." Amma ba ta bar wurin ba sai da rana ta yi ja, kuma na ga tana murmushi ita kaɗai.

Mai masaukinmu ta kawo mana kawa a faranti, wani naman teku mai ɓawo, irin wadda ake buɗewa a shanye ɗanya, abin alfaharin ƙauyen. Inna ta leƙa ciki, ta yi godiya mai tsawo, ta tura mini farantin da yatsa ɗaya, ta buɗe dambunta. Maigidana kuwa, mai son kawa kamar ransa, ya kwashi rabonsa ya fita bayan gida wajen igiyar shanya.

Kwana uku muka yi muna bin gaɓar teku. A Aigues-Mortes ganuwa ta kewaye gari gaba ɗaya, a bayanta fadamun gishiri masu ruwan hoda. Inna ta yaba ganuwar, ta ce wannan gari ya san yana da abin tsarewa. A nan ta sa na zaɓi wasu takalma ƙanana farare. A wata kasuwar ƙauye, ranar Juma'a, ta tsaya gaban mai sabulu, irin manyan sandunan nan masu ƙanshin man zaitun, ta shinshina kusan goma, ta ce in zaɓi shida. Gaba kaɗan ta tarar da mai yadi, ta murza wani mai zanen rassa tsakanin yatsunta, ta ce ba laifi, ko da yake bai kai atamfa ba, in sa a yanko na zane da kallabi. A Cassis, inda fararen duwatsu suka tsaya a kan ruwa, ta ja ni wani kanti ta sa na zaɓi 'yan kunne, ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayar gero. Kullum ni ke zaɓa, ni ke miƙa wa mai kanti abinsa. In na ce Inna ke dai zaɓi, sai ta ce idonta sabo ne, bai gama koyon aiki ba.

Kowane gari muka shiga sai ta yi tambayarta, wa muka zo gaidawa. Da farko ina amsawa, daga baya na daina. Na san inda tambayar ta dosa, na yi kamar ban sani ba, kuma na iya wannan sosai.

A Cassis ɗin ne muna zaune a bakin tashar jirage, maigidana ya tafi neman inda zai ɓuya ya sha ƙanƙarar zaƙi, na ji ana kallona. Na juya, Inna ce, ba tabarau. Ba ta saba kallona haka ba, ni ma ban saba ba, sai na rasa inda zan sa idona. Ta ce, "Ke wagga, kin yi hurhura." Na ce ai tuni, Inna. Ta ce, "Ban gani ba. Ina tsammani har yanzu yarinya ce ke." Ta mai da tabarau, ta juya wajen ruwa. Abin ya taɓa ni. Na ce bari in je in nemo Malam kada ya ɓata.

Masauki na ƙarshe a wani ƙauye ne kusa da Avignon, gidan dutse mai itacen ɓaure a tsakar gida. Daga nan jan layina ya yi kwana, ya koma yamma ta Nîmes, ya hau duwatsu, ya sake zagaye Lyon daga nesa. Da safe na shiga ɗakin Inna in ɗiga mata maganin ido, sai na tarar da kwandon guzuri a kan gado. Dambu ya ƙare tun jiya, ta wanke kwandon ta goge. Yadin nan yana ƙasa a ninke. A kansa sabulai shida a jere. A kansu rigar, sai takalma, sai 'yan kunne a can sama cikin 'yar takardarsu. Ta rufa wani farin kallabi rabi.

Na tsaya da kwalbar magani a hannu. Babu 'yar Hausar da za ta ga wannan jeri ta tambaya mene ne. Sau nawa na ɗauki irinsa a ka ina bin Inna gidan haihuwa? Kayan barka ne, zane da sabulu na mai jego, sauran na jaririya. Kuma ba na kaka ba ne, na gwaggo ne, tunda ni na zaɓi kowane ɗaya da hannuna. Kwana shida tana haɗa mini barkar da na ƙi kaiwa, ni ina gaba ina karanta mata tarihin ganuwa.

Zuciya ta kawo mini wuya. Na ce, "Inna, shi ya kamata ya zo. Ni ce babba. Ni na goya shi." Na faɗi abubuwa da yawa, har da wata takwas na kujerar falo, har da wani bargo da ya ƙona mini da dutsen guga. Inna ba ta juya wa bango ba wannan karon. Ta tashi ta buɗe ƙofa. Maigidana yana tsakar gida ƙarƙashin ɓauren yana goge gilashin mota. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba, sai ran nan.

"Malam."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa a wurin, kansa a ƙasa. "Na'am, Hajiya."

"A hwaɗa ma matarka, ni ban ce ta yi magana da kowa ba. Barka za ta kai ma ɗiya. Ɗiyar ba ta yi mata komi ba."

Ya juyo wajena, fuskarsa ba wasa, ya ce, "Madam, Hajiya ta ce barka za ki kai ma ɗiya."

Na ce na ji, ai ba kurma ba ce ni.

Inna ta ci gaba. "A hwaɗa mata, in ba ta zuwa, ba tilas. A kai ni tashar jirgin ƙasa, in riƙe kwandon, in ce gwaggonta ta aiko ni, aiki ya riƙe ta. Ban saba ƙarya ba, amma guda ɗaya na iya yi saboda ita."

Wannan bai maimaita ba. Ya sunkuyar da kai ya ɗauki tsummansa. Ni kuma na dubi Inna. Matar da ba ta taɓa kiran sunana ba, tana shirin ta yi ƙarya da furfurarta don kada a ce 'yarta ba ta da kirki. Na ɗiga mata maganin, ɗigo ɗaya ya sauka a kumatunta. Muka loda kaya.

A bakin ƙauyen akwai shataletale, allo ɗaya ya nuna Nîmes, ɗaya ya nuna Lyon. Maigidana ya shiga, ya zagaya, ya wuce ta Nîmes, ya wuce ta Lyon, ya sake zagayowa. Ya zagaya na biyu. Inna tana baya da kwando a cinya, tana kallon gonakin inabi kamar ba da ita ake ba. A zagaye na uku wani mai tarakta ya danna mana oda. Maigidana ya ce, "Madam, esansin mota na ƙarewa, kuma kaina ya hwara juyawa." Na ce, "To bi ta can mana, kai ma ka san hanya!" Ban ambaci sunan garin ba, shi ma bai tambaya ba. Na lura ya miƙa hannu ya gyara madubin tsakiya ya dawo da shi daidai.

Muka shiga Lyon bayan azahar. Ban ga kogunan ba, ban ga tudun da ake ta magana ba, ina ta shirya fuskar da zan shiga da ita. Ashe maigidana ya yi waya tun da muka tsaya shan mai a hanya. Muna tsayawa a gindin benen, sai ga ƙanena a bakin ƙofa, hannu a baya kamar ɗan makaranta. Ya zo ya buɗe wa Inna, ya durƙusa. Ta cire tabarau ta ba ni in riƙe. Ta kama haɓarsa ta ɗaga, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta daɗe. Ta ce, "Ka yi ƙiba. Kuma gashin gaba ya tahi." Ya yi dariya, idonsa ya cika. Sannan ya dube ni ya ce, "Yaya, sannu da hanya." Na ce yawwa. Fuskar da na shirya ita na sa, amma ba ta zauna da kyau ba.

A sama matarsa ta shimfiɗa mana darduma. Na ajiye kwandon a gabanta, na yaye kallabin, na ce, "Barka da arziki. Allah shi raya." Shekara biyu da haihuwa. Ta dubi sabulan, ta rufe baki da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun. Aka fito da yarinyar daga ɗaki, barci bai gama sakinta ba. Inna ta miƙa hannu, yarinyar ta je. Inna ta zaunar da ita a cinya tana duba ta tun daga kitso har yatsun ƙafa, tana cewa "takwara, ashe haka kike". Da na miƙa nawa hannun, yarinyar ta dube ni sama da ƙasa, ta tura baki, ta juya mini ƙeya. Aka yi rarrashi, aka nuna mata takalma, ta ƙi. Inna ta dubi bangon falon ta ce masa, "Wagga zuciya na san inda ta gado ta."

Kowa ya yi dariya, har ni. Ƙanena ya tashi ya shiga kicin. Na ji yana jan aljihun firigo na ƙasa, wurin ƙanƙara, yana ture kaya. Ya dawo da wani ƙullin leda da ƙanƙara ta lulluɓe, ya ajiye a gabana. An liƙa 'yar takarda a jiki, da rubutunsa, wannan mummunan rubutun da ni na koya masa: Yaya.

Matarsa ce ta yi bayani. "Naman suna ne, Yaya, rabonki. Mun ƙaura da shi daga tsohon gida. Duk lokacin da na zo wanke firigo na ce a zubar, sai shi ce a bari, kina zuwa."

Duk abin da na tara na shekara biyu, wanda na yi ta bita tun daga Avignon, na neme shi na rasa. Ya ce, "Ranar na rikice ne, Yaya. Ya kamata ke zan hwara kira." Na ce, "Ya kamata in ɗauka." Iyakar abin da muka ce ke nan a kan maganar, har yau.

Aka ɗumama naman. Gaskiya ba ya ciwuwa. Ƙanƙara ta shanye shi, ya yi tauri kamar fatar takalmi, ɗanɗanonsa na leda ne da tsohon mai. Matarsa ta ce in bari ta kawo wani abu, na ce a'a. Na zauna na cinye shi tsaf, ina tauna ina kuka, yarinyar tana leƙena daga bayan kakarta. Can ta matso, ta miƙo hannu, na ciro mata 'yar tsoka mai laushi. Maigidana ya ɗauki farantin shinkafarsa ya fita baranda.

Kwana biyu muka yi a Lyon, muka koma Paris ta miƙaƙƙiyar hanya. Ranar tafiyar Inna ni da ƙanena muka raka ta filin jirgi, muna gardamar wa zai tura keken kaya. Bayan ta isa gida, wata ƙanwarta ta kira ni tana tambaya, wai ina muka kai Hajiya ne? Ta ce duk wanda ya zo yi wa Inna sannu da zuwa ya tambaye ta me ta gani a Turai, sai ta ce Lyon ta je ganin takwararta, amma a hanya an bi da ita ta wasu wurare.